Fashin baƙi: Farin layin bayan jirgi da siririn gajimaren da ke riƙe wa duniya zafi

Wai da gaske ne farin layin nan da jirgin sama ke bari a bayansa guba ce ake fesa wa mutane? Kuma da gaske akwai gajimaren da maimakon ya yi mana inuwa sai ma ya ƙara zafi? Ta farkon kam ta daɗe tana yawo a WhatsApp da TikTok, sai kaga bidiyon sararin sama an ja masa layuka, wani yana magana cikin tashin hankali cewa ana canza mana yanayi ne ko ana hana ruwa sauka. Ta biyun kuma ba kasafai ake yinta a wajenmu ba, alhali ita ce ke hana masana yanayi barci.

Amsa a gajarce, ta farko a'a, ta biyu eh. Sai dai tambayoyin biyu a ɗaure suke da juna, domin layin jirgin shi kansa wani nau'in wannan gajimaren ne, kuma abin da bincike ya gano a kansa ni a ganina ya fi jita-jitar cancantar a damu da shi.

Wane gajimare ake nufi?

Ka ɗaga kai ranar da gari ya yi garau, wani lokaci zaka ga wasu fararen zare-zare can ƙololuwa, sirara kamar auduga da iska ta yayyaga, ko kamar furfura. Basa kawo ruwa, basa tare rana, har ta cikinsu kana hango shuɗin sama. Masana na kiransa sirus, kalmar Latin ce mai nufin nannaɗaɗɗen gashi, kuma wani mai haɗa magunguna ɗan Ingila, Luke Howard, shine ya raɗa masa sunan a 1802 lokacin da ya karkasa gizagizai gida-gida. Ni dai furfurar sama nake ce masa don sunan ya fi zama a baki.

Abu biyu suka bambanta shi da sauran. Na ɗaya tsayi, yawanci daga kilomita 6 zuwa sama yake zama, a yankuna masu zafi irin namu ma yana kaiwa kilomita 17 ko 18, inda sanyi ke kaiwa digiri 80 ƙasa da sifili. Na biyu kuma babu ɗigon ruwa a cikinsa, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne zalla. Su ne ma ke karya haske har kaga zobe ya kewaye wata da daddare ko rana da hantsi, idan gajimaren ya bazu kamar mayafi.

Yawansa ba kaɗan bane. Ƙiyasi ya bambanta gwargwadon na'urar da aka auna da ita, amma yana tsakanin kashi 17 zuwa 30 cikin ɗari na sararin duniya, kuma ya fi yawa a tsakiyar duniya inda hadari ke tashi sosai. Wani ma tsabar sirantarsa ido baya ganinsa sam, sai da aka harba tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO a 2006, haɗin gwiwar Amurka da Faransa, mai harbo hasken leza ƙasa yana auna abin da ya dawo, sannan aka samu cikakken hoton yadda sama ke cike da irin wannan ɓoyayyen.

Ta yaya gajimare zai zama bargo?

Nan ne gindin maganar, don haka bari mu ɗan tsaya.

Duniya na karɓar zafi daga rana, sannan tana mayar da zafi sama ta wani irin haske da ido baya gani. Duk wanda ya taɓa jingina da katangar siminti bayan magariba ya ji tana huci ya san wannan. In abin da ke shigowa da wanda ke fita sun yi daidai, lafiya lau. In fitar ta ragu, zafi ya taru.

Kowane gajimare aiki biyu yake yi lokaci guda. Yana mayar da wani ɓangare na hasken rana sama kafin ya iso ƙasa, wannan sanyaya ne. Yana kuma tare hucin da ƙasa ke fitarwa, wannan ɗumama ne. Gajimare mai kauri da ke ƙasa-ƙasa, irin wanda ke shimfiɗe a kan teku a gaɓar Namibiya da Peru, rumfa ce sosai, inuwarsa ta fi ƙarfin riƙon zafinsa. Shi yasa idan aka haɗa gizagizan duniya gaba ɗaya aka yi lissafi, sanyaya duniya suke yi.

Furfurar sama kuwa akasin haka take. Shara-shara ce, hasken rana na ratsa ta ya wuce abinsa, amma hucin da ke tasowa daga ƙasa sai ta shanye. To ita ma ai tana fitar da zafi sama, haka ne, amma ka'idar ita ce abu na fitar da zafi gwargwadon ɗuminsa, ita kuma tana can inda sanyi ya kai maƙura, don haka ta karɓi mai yawa daga ƙasa mai ɗumi ta miƙa ɗan kaɗan zuwa sararin samaniya. Ragowar ya tsaya mana. Da dare abin ya fi muni tunda babu ma ranar da zata tare, riƙon zafin kawai ya rage. Idan ta yi kauri sosai da rana tsaka tana iya sanyayawa, amma a jimlace masana sun fi karkata ga cewa sirarin nan ɗumama duniya suke yi.

Ƙura da haihuwar ƙanƙara

Wani abin mamaki shine ruwa mai tsabta baya daskarewa a sifili yadda aka koya mana a firamare, in dai ɗigon ƙarami ne yana shawagi a iska. Yana iya zama ruwa har sai sanyi ya kai wajen digiri 38 ƙasa da sifili sannan ya daskare da kansa. Amma in ya samu wani ɗan abu da zai maƙale a jiki, kamar ƙwayar ƙura, sai ƙanƙara ta fara haɗuwa da wuri ba tare da an kai can ba.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Ka ɗauka kwanon tuwo ɗaya ne, laimar da ke cikin iskar kenan. In yara hamsin suka sa hannu kowa loma ɗaya zai samu, in yara uku ne kowa zai ƙoshi. Idan ƙanƙarar ta haɗu da kanta, ƙwayoyi ne birjik ƙanana marasa nauyi, sai su daɗe a sama, bargon ya yi kauri ya jima. Idan ƙura ce ta riga, ƙwayoyi kaɗan ne ke shanye laimar su yi girma su yi nauyi su zubo da wuri, gajimaren ya yi sirara ya watse. Kaga kenan ƴar ƙwayar ƙura da ko gani baka yi ita ke yanke hukuncin yawan zafin da gajimare zai riƙe.

A 2013 Daniel Cziczo na jami'ar MIT ta Amurka da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani aiki mai wahala, sun yi amfani da jiragen bincike da ke kutsawa cikin gajimaren a saman Amurka ta Arewa da ta Tsakiya, su kamo ƙwayoyin ƙanƙarar su narkar su duba abin da ya rage a tsakiya. Mafi yawa ƙurar ƙasa ce da ɓurɓushin ƙarafa. A 2022 kuma wani ayari ƙarƙashin Karl Froyd a Kolorado, da bayanan da jirgin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tattaro yana zagaya tekun Pasifik da Atlantika, suka nuna ƙura ce ke haifar da mafi yawan irin wannan gajimare a arewacin duniya.

Duk bahaushen da ya ji an ce ƙura hankalinsa zai tafi kan hunturu da hazon da ke rufe Kano da Damagaram har jirage su kasa sauka. Kuma gaskiya ne Sahara ce ta fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, musamman kwarin Bodele a arewacin Chadi, tsohon gindin tafki da iska ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe shi. Amma ga abin da binciken na 2022 ya gano wanda ni kaina ya ban mamaki, sau da yawa ƙurar hamadun tsakiyar Asiya ta fi tamu tasiri wajen haifar da furfurar sama, duk da bata kai tamu yawa ba, saboda iskar can ta fi iya cilla ta ƙololuwa. Tamu yawancinta a ƙasa-ƙasa take tafiya, ta ƙare a huhunmu da kan tekun Atlantika.

Inda masana suka rabu

Babbar tambayar da ake ta fama da ita fiye da shekara ashirin ita ce, in duniya ta ƙara ɗumi saboda iskar kabon da ake fitarwa, wannan gajimaren ƙaruwa zai yi ko raguwa, sama zai ƙara yi ko ƙasa? Domin amsar ita zata nuna ko zai taimaka mana ko zai ƙara wa wutar fetur.

A yankuna masu zafi yawancinsa daga hadari yake fitowa. Ka lura da hadarin damina in ya haɗu daga gabas, kansa na yin tsiri har ya kai inda ba zai iya wucewa ba sai ya baje ya yi faɗi kamar uwar maƙera. Bayan ruwa ya ɗauke wannan bajajjen kan na ƙanƙara baya tafiya nan take, iska na jansa ɗaruruwan kilomita ya zama sirus.

A 2001 Richard Lindzen, shi ma na MIT, ya kawo ra'ayin cewa in teku ya yi ɗumi wannan bajajjen kan raguwa yake yi, sama ta buɗe kamar yadda ƙwayar ido ke buɗewa, zafi ya samu hanyar fita, wato duniya na da hanyar sanyaya kanta. Masu musun ɗumamar yanayi suka rungumi maganar hannu bibbiyu. Amma da wasu suka sake duba bayanan, cikinsu har da Dennis Hartmann na jami'ar Washington, basu samu hujjar da ta kai ƙarfin da ya faɗa ba. Kuma ko da kan hadarin ya ragu, ai inuwar da yake yi ma ta ragu, ribar ba yawa.

Shi Hartmann ɗin da abokiyar aikinsa Kristin Larson a 2002 suka kawo wata fahimtar, cewa in ƙasa ta yi ɗumi kan hadarin ƙara hawa sama yake yi ta yadda sanyinsa kusan baya canzawa. Ma'ana ƙasa na ƙara huci amma bargon na nan da sanyinsa baya ƙara fitar da komai, sai tarin zafin ya ƙaru. Wannan ra'ayin ya samu karɓuwa sosai. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce akwai tabbaci mai ƙarfi cewa hawan manyan gizagizai sama na ƙara ɗumama, batun raguwar faɗinsu kuma ya bashi tabbaci mai rauni. A dunƙule rahoton ya ce sauyin gizagizai zai ƙara zafin ne, kuma in iskar kabon ta ninka abin da take kafin zamanin masana'antu, ɗumin duniya zai ƙaru da kusan digiri 3, mai yiwuwa tsakanin 2.5 da 4. Wannan tazarar ta digiri ɗaya da rabi, kaso mai tsoka nata daga wahalar lissafin gizagizai ta fito, kuma ga wanda ke zaune a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, tsakanin 2.5 da 4 ba ƙaramin bambanci bane wallahi.

To farin layin jirgin fa?

Man jirgi dangin kananzir ne, kuma duk kilo ɗaya da ya ƙone yana fitar da tururin ruwa kusan kilo ɗaya da kwata, haɗe da baƙin hayaƙi ƙanana. Jirgin fasinja na tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12 inda sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Tururi mai zafi ya haɗu da wannan iskar, ya taru a jikin ƙwayoyin hayaƙin ya daskare nan take. Daidai yake da hucin bakinka da kake gani da asuba a Jos lokacin sanyi, illa dai wannan ƙanƙara ya zama.

Masu cewa guba ce hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, me ya sa wani jirgin layinsa ke ɓacewa nan da nan wani kuma ya daɗe har ya bazu? Tambaya ce mai kyau kuma tana da amsa. In iskar wajen busasshiya ce ƙanƙarar na bin iska cikin daƙiƙu. In kuwa jirgin ya ratsa inda laima ta cika, layin sai ya riƙa jan laimar yana faɗi, ya yi awanni, har ya koma sirus da ba zaka bambanta shi da na asali ba. Jirage biyu na iya wucewa kusan lokaci ɗaya, ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi da ƴan mitoci ɗari, sakamakon ya sha bamban. Tun yaƙin duniya na biyu ake ganin layukan nan a bayan jiragen yaƙi a Turai, wani Bajamushe Ernst Schmidt ya yi bayanin yadda suke haɗuwa a 1941, Herbert Appleman a Amurka ya ƙarasa lissafin a 1953. A 2016 aka tambayi masana sinadaran iska da ƙasa su 77 ko sun taɓa cin karo da hujjar wani shirin feshi na ɓoye, 76 suka ce a'a.

Kar a haɗa wannan da shuka gajimare don a samu ruwa, wanda shi kam ana yi a fili, Burkina Faso ta fara shirinta mai suna Saaga tun 1998, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma na yi. Wancan a kan gizagizan ruwa ake yinsa da ƙananan jirage, ba ruwansa da jirgin fasinjan da ke wucewa can sama.

Amma kar jin ba guba bane yasa a ce ba komai. Wani babban nazari da David Lee na Manchesta ya jagoranta, wanda ya fito a 2021, ya ƙiyasta cewa sufurin jiragen sama na da kusan kashi 3.5 cikin ɗari na ɗumamar da ɗan'adam ya jawo, kuma a cikin wannan, zafin da layukan nan ke riƙewa a yanzu ya ma fi na iskar kabon da jirage suka tara tun farkon tashinsu, duk da cewa lissafin layukan na da faɗin kuskure sosai. Bambancin shine kabon na ɗaruruwan shekaru a sama, layin kuwa awanni ne, in ka daina yinsa yau gobe babu shi.

Shi yasa ake ganin nan ne gyara ya fi sauƙi. Wani bincike kan sararin Japan a 2020 ya nuna kusan kashi 2 cikin ɗari na jirage ne ke jawo kashi 80 na zafin layukan. A 2023 Google da American Airlines suka gwada a tashi 70, matuƙa na ɗan sauya tsayi don kauce wa wuraren laima, layukan suka ragu da kashi 54, man da waɗannan jiragen suka sha ya ƙaru da kusan kashi 2. Tarayyar Turai kuma daga Janairun 2025 ta wajabta wa kamfanonin jirage su riƙa kawo rahoton illolin da ba na kabon ba. Mafi yawan layukan nan a saman Turai da Amurka da arewacin Atlantika suke, inda jirage ke cunkushe, amma zafin da suka riƙe baya tsayawa a kan iyakar kowa.

Masu son a sa wa gajimaren hannu

Tunda an gane ƙura na sirantar da gajimaren, sai wasu suka ce me zai hana mu yi da gangan? A 2009 David Mitchell da William Finnegan a jihar Nevada suka kawo shawarar a riƙa watsa wani sinadari can sama don ƙanƙarar ta yi manyan ƙwayoyi ta zubo, bargon ya yage, zafi ya fita. Har yau a kwamfuta kawai abin yake, kuma sakamakon ya ƙi daidaituwa. Wasu lissafan sun nuna sanyi, na Ulrike Lohmann da Blaž Gasparini a Zurik kuwa sun nuna ribar kusan babu, kuma in aka zarce da watsawar sai a haifar da sabon gajimare inda da babu, zafin ya ƙaru. In ma ƙura ta riga ta yi aikin a mafi yawan wurare kamar yadda binciken Froyd ya nuna, to me ya rage da za a sirantar?

Ni a nan ne hankalina ya fi tashi. Damunarmu a rataye take da bambancin ɗumi tsakanin arewacin duniya da kudancinta, ruwan na bin ɓangaren da ya fi ɗumi. Bincike da dama sun nuna hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da ya sanyaya arewacin Atlantika na cikin abubuwan da suka taimaka wajen farin shekarun 1970 da 1980, wanda iyayenmu har yau in suka tuna 1973 da 1984 sai jikinsu ya yi sanyi. Wancan ba da niyya aka yi ba. To ina ga a ce da gangan wata ƙasa zata sanyaya nata ɓangaren? Ba banza ba ministocin muhalli na Afirka a taronsu na Adis Ababa a 2023 suka nemi a yi yarjejeniyar hana amfani da dabarun tare hasken rana, kuma a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a 2024 ƙudurin da Suwizalan ta kawo kan batun sai janye shi aka yi don an kasa daidaitawa.

Mu da ke ƙarƙashin wannan sama

Ga talaka abin na zuwa ta hanya biyu, zafi da ruwa. Zafin da aka gani a Afrilun 2024, lokacin da garin Kayes a Mali ya kai digiri 48.5 kuma dare ya ƙi yin sanyi ana cikin azumi, irinsa ne zai yawaita in lissafin ya faɗa ɓangaren digiri 4. Ta fuskar ruwa kuma, Christopher Taylor da abokansa a Birtaniya sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35 daga 1982, suka ga manyan hadura mafiya ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku. Da me suka gane ƙarfin hadarin? Da sanyin wannan bajajjen kan na ƙanƙara, iya tsayinsa iya sanyinsa iya ƙarfinsa. Wato abin da ke haifar da furfurar sama a wajenmu shine dai ke kawo ruwan da ke cinye gidajen ƙasa da gonaki cikin dare ɗaya.

A Mayun 2024 Turai da Japan sun harba sabon tauraro mai suna EarthCARE da ke ɗauke da leza da rada, ya gaji CALIPSO da ya daina aiki a 2023, kuma yana ratsawa ta samanmu kamar yadda yake ratsa ko'ina. Sai dai tauraro na buƙatar awo daga ƙasa da za a gwada shi da shi, da balan-balan ɗin da ake saki su auno laima da sanyi a can ƙololuwa, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin awon yanayi. A 2006 an taɓa kawo cikakkun na'urorin auna gajimare da ƙura da hasken rana aka girke a filin jirgin Yamai, ƙarƙashin babban shirin binciken damunar Afirka ta Yamma, har jirgin bincike mai tashi can sama ya yi ta shawagi daga Wagadugu a watan Agustan shekarar. Na'urorin na Yamai shekara ɗaya suka yi aka kwashe su zuwa Jamus, kuma har yanzu masu nazarin gizagizan Sahel na komawa ga bayanan wannan shekara ɗayan.